Tambayoyi da Amsoshi a Kan 2,147,483,647, Lambar da Kwamfuta Take Cijewa a Kanta

Ɗaliban lissafi da masu koyon rubuta manhaja duk sukan ci karo da wannan lamba, amma kowa ta hanyarsa. Na farko su gan ta a jerin lambobi marasa rabuwa, na biyu kuwa su gan ta ranar da manhajarsu ta fara ba da amsar da ba ta da kai ba ta da gindi. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Yaya ake karanta ta, kuma yaya girmanta yake?

Biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Alƙaluma goma ne. Idan mutum ya zauna yana ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ya yi shekara 68 da 'yan makonni kafin ya iso gare ta. A riƙe wannan 68, za ta sake fitowa a tambayar shekarar 2038.

Daga ina ta fito? Ba ta yi kama da lamba ta musamman ba.

A ido kam ba ta yi ba. Sirrinta yana cikin yadda aka gina ta: a ɗauki 2 a yi ta ninkawa, 2 sau 2 sau 2, har sai an jera biyu guda 31. Amsar ita ce 2,147,483,648. A cire ɗaya, sai a sami lambarmu. A taƙaice ana rubuta ta 2^31 − 1.

Akwai wata hanyar ganin ta. A ce mutum ya yi asusu ran ɗaya ga wata ya jefa kwabo ɗaya, washegari biyu, jibi huɗu, gata takwas, kullum ninkin na jiya. A kowace rana, jimillar abin da ke cikin asusun takan gaza zubin gobe da kwabo ɗaya tak: 1 da 2 da 4 bakwai ne, zubi na gaba kuwa takwas. Idan watan mai kwana 31 ne, ranar ƙarshe za a fasa asusun a tarar da kwabo 2,147,483,647, wato naira 21,474,836 da kwabo 47.

Me ake nufi da cewa lamba ce marar rabuwa?

Ana nufin babu wata cikakkiyar lamba da za ta raba ta ba tare da saura ba, in ban da 1 da ita kanta. Kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Lamba 15 ba ta cikinsu, don 3 da 5 suna raba ta. Idan aka jera marasa rabuwa daga 2 zuwa sama, tamu ita ce ta 105,097,565. Wadda take kafin ta ita ce 2,147,483,629, mai bi mata kuma 2,147,483,659.

Zan iya gwada ta da ƙananan lambobi da kaina?

Ƙwarai, kuma ya kamata ka gwada. Ta ƙare da 7, don haka mara ce, 2 ba za ta raba ta ba, haka ma 5. Tara alƙalumanta: 2, 1, 4, 7, 4, 8, 3, 6, 4, 7 sun ba da 46. Tun da 3 ba ta raba 46, ba ta raba lambar ba. Saura 1 ne. Raba ta da 7, saura 1. Da 9, saura 1. Da 11, nan ma saura 1.

Wannan saura 1 da ke ta maimaituwa yana da dalili. Lambar da take ƙasa da ita da ɗaya, 2,147,483,646, tana farfashewa tsaf zuwa 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331. Duk lambar da ta raba wannan, dole ta bar saura 1 a kan tamu. Sai dai gwada ƙananan lambobi ba hujja ba ne cewa babu babba da za ta raba ta. Hujjar tana nan gaba, a tambayar wanda ya tabbatar da cewa ba ta rabuwa.

Ashe duk lambar da aka ninka 2 aka cire ɗaya marar rabuwa ce?

A'a, kuma a nan mutane da yawa suke zamewa. Da farko, dole yawan ninkin shi kansa ya zama marar rabuwa. 2^4 − 1 shi ne 15, 2^6 − 1 shi ne 63, duk suna rabuwa, domin 4 da 6 suna rabuwa. Amma ko wannan sharaɗi bai wadatar ba. 11 marar rabuwa ce, duk da haka 2^11 − 1, wato 2,047, daidai take da 23 × 89. Haka 2^23 − 1 tana rabuwa da 47, 2^29 − 1 kuma tana rabuwa da 233.

Waɗanda suka tsira ana kiran su da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci ɗan Faransa da ya fitar da jerinsu a 1644. Ya ce ninkin da ke ba da marar rabuwa su ne 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Ya dace a kan 31, amma bai kawo hujja ba. Ya yi kuskure a kan 67 da 257, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107. Sai a 1903 Frank Nelson Cole ya nuna wa taron masana lissafi a birnin New York cewa 2^67 − 1 daidai take da 193,707,721 × 761,838,257,287. Lambarmu ita ce ta takwas a ingantaccen jerin, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287.

Wa ya tabbatar da cewa ba ta rabuwa, kuma ta yaya, alhali babu kwamfuta?

Leonhard Euler ne, haifaffen birnin Basel na ƙasar Switzerland, ya kuma sanar da hakan a wasiƙar da ya aika wa wani masanin lissafi mai suna Bernoulli a 1772. A lokacin yana zaune a St. Petersburg ta Rasha, shekarunsa sun haura sittin, idanunsa kuma sun kusa mutuwa gaba ɗaya.

Abin da ya yi shi ne rage aikin mataki-mataki har ya zama abin da ɗan Adam zai iya. Matakin farko sananne ne: idan lamba tana rabuwa gida biyu, ɗaya daga cikin masu rabawar ba zai wuce lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da ita ba. 46,341 sau 46,341 ya riga ya zarce lambarmu, saboda haka babu buƙatar duba sama da 46,340. Daga biliyan biyu an sauko dubu arba'in da shida. Idan aka tsaya ga marasa rabuwa kaɗai, sun ɗan haura 4,700. Har yanzu da yawa ga mai aiki da alƙalami da takarda.

Sai Euler ya kawo abin da ya sani game da wannan dangin lambobi. Duk marar rabuwar da za ta raba 2^31 − 1 dole ta zama ninkin 62 da ƙarin ɗaya. Kuma dole in an raba ta da 8 ta bar saura 1 ko 7. Idan aka haɗa sharuɗɗan biyu, abin da ya rage shi ne lambobi masu siffar ninkin 248 da ƙarin 1, ko ninkin 248 da ƙarin 63: wato 63, 249, 311, 497, 559 da sauransu. Ƙasa da 46,340 ba su kai ɗari huɗu ba, kuma yawancinsu suna rabuwa, ba sai an gwada su ba. Ta farko da ta cancanci gwaji ita ce 311, kuma idan ka raba lambarmu da ita za ka sami 6,905,092 da saura 35. Haka aka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta shiga. A ganina wannan ne darasin da ya fi cancanta a kai wa ɗalibai a aji, fiye da lambar kanta: yadda tunani ya mayar da rabawa biliyan biyu ta koma 'yan ɗaruruwa.

Daga ina sharaɗin ninkin 62 da ƙarin ɗaya ya fito?

Ya fi sauƙin gani da ƙaramar lamba. Mun ce 23 tana raba 2^11 − 1. Fara daga 2 ka yi ta ninkawa, duk sanda ka wuce 23 ka cire 23: za ka sami 2, 4, 8, 16, 9, 18, 13, 3, 6, 12, 1. A mataki na 11 ka faɗo kan 1, daga nan kuma zagayen ya sake farawa. Wata ƙa'ida ta Pierre de Fermat ta ce in ana aiki da marar rabuwa kamar 23, a mataki na 22 ma dole a kasance a kan 1, wato lambar a cire ɗaya. Hakan ba zai yiwu ba sai in tsawon zagayen ya raba 22. Ga shi kuwa 11 ta raba 22. Ɗayar mai rabawar ma haka: 89 a cire ɗaya 88 ne, 11 sau 8.

A kan lambarmu zagayen dole ya zama mai mataki 31, ba zai gajarce ba tun da 31 ba ta rabuwa. Don haka duk mai raba ta, in an cire mata ɗaya, 31 za ta shiga cikinta. Kuma tun da mai rabawar mara ce, cire ɗaya zai mai da ita cika, sai 2 ma ta shiga. 31 sau 2 shi ne 62.

Yau ma haka ake gwada irin waɗannan lambobi?

A'a. Akwai gwajin da Édouard Lucas ya ƙirƙiro a shekarun 1870, Derrick Lehmer ya kammala shi a 1930, wanda ba ya neman mai rabawa sam. Ana farawa da 4. A ninka lambar da kanta, a cire 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe saura, a maimaita. Yawan maimaitawar shi ne yawan ninkin a cire biyu. Idan aka ƙare a kan sifili, lambar ba ta rabuwa. In ba haka ba, tana rabuwa.

Gwada da 31, wato 2^5 − 1, mataki uku: 4 sau 4 a cire 2, 14. Sai 14 sau 14 a cire 2, 194, a raba da 31 saura 8. Sai 8 sau 8 a cire 2, 62, wanda 31 ta raba ba saura. Sifili ke nan. A kan 2,047 kuwa bayan mataki tara ana ƙarewa a 1,736, alamar tana rabuwa, ko da yake gwajin ba zai gaya maka 23 da 89 ba. Lambarmu mataki 29 kacal take buƙata, kuma duk wanda ya fara koyon Python, wani yaren rubuta manhaja, zai iya rubuta shi a layi huɗu ko biyar.

Mene ne alaƙarta da kammalallun lambobi?

Kammalalliyar lamba ita ce wadda in aka tara masu raba ta, ban da ita kanta, za su dawo da ita daidai. 6 ita ce 1 da 2 da 3. 28 ita ce 1 da 2 da 4 da 7 da 14. Sai 496, sai 8,128. Tun zamanin Girkawa Euclid ya nuna cewa kowace marar rabuwa mai siffar 2^n − 1 tana haifar da kammalalliya guda, in an ninka ta da rabin lambar da ke gaba da ita: 7 sau 4 shi ne 28, 31 sau 16 shi ne 496. Euler ne ya tabbatar da cewa duk kammalalliyar lamba da take cika ta wannan hanya kaɗai take zuwa.

Lambarmu sau 1,073,741,824 ta ba da 2,305,843,008,139,952,128, kammalalliya ta takwas. A 1811 masanin lissafi ɗan Ingila Peter Barlow ya rubuta cewa da wuya a sake gano wadda ta fi ta, don a ganinsa irin waɗannan lambobi abin sha'awa ne kawai marasa amfani, ba wanda zai wahalar da kansa. A 1883 wani limamin coci a Rasha, Ivan Pervushin, ya nuna cewa 2^61 − 1 ba ta rabuwa, ta tara ta samu. Batun amfani kuwa, duba tambayar lambobin bazata a ƙasa.

To me ya haɗa ta da kwamfuta?

Kwamfuta da 0 da 1 kawai take ƙirga, kowane gurbi ana kiran sa bit. An daɗe ana ware wa cikakkiyar lamba gurbi 32. Ɗaya daga ciki yana nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa da shi, saura 31. Lamba mafi girma da za a iya rubutawa ita ce a cika dukkan 31 ɗin da 1, kuma darajarsu ita ce 1 da 2 da 4 da 8 har ƙarshe, lissafin asusun nan na tambaya ta biyu. Shi ya sa iyakar sama take 2,147,483,647, ta ƙasa kuma −2,147,483,648. A tsarin goma sha shida da masu manhaja suke amfani da shi ana rubuta ta 7FFFFFFF. Wannan ce iyakar nau'in lamba mai suna int a yarukan manhaja na Java da C#, da INT a rumbun bayanai na MySQL.

Me ke faruwa idan aka ƙara mata ɗaya?

Kamar mitar tafiyar tsohuwar mota ce da ta kai 99,999 ta juya ta koma sifili, sai dai a nan juyawar takan taɓa gurbin alama, lambar ta faɗa −2,147,483,648. Wasu manhajojin kuwa sukan tsaya cak su ba da saƙon kuskure, wasu su maƙale a kan iyakar, su yi ta ajiye 2,147,483,647 a madadin duk abin da ya fi ta.

Abin ya sha faruwa a fili. A Disambar 2014 YouTube ya sanar da cewa ya mayar da ma'aunin masu kallo zuwa gurbi 64, saboda bidiyon wani mawaƙi ɗan Koriya ta Kudu ya kai wannan adadi. A 2015 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa in aka bar wutar jirgin Boeing 787 a kunne kwana 248 ba a kashe ba, wani ma'auni a manhajar janaretocinsa zai cika, wutar ta ɗauke. In ana ƙirga ɗari a kowace daƙiƙa, lambarmu kwana 248 da rabi take ɗauka. (Wannan 248 ba ta da wata dangantaka da 248 ta Euler, dacewa ce kawai.) Ran 1 ga Janairun 2022 kuma saƙonnin imel suka maƙale a kamfanoni masu amfani da Microsoft Exchange, domin an rubuta kwanan wata a matsayin lamba guda, 2201010001, wadda ta zarce iyaka.

Mece ce matsalar shekarar 2038?

Tsarin tafiyar da kwamfuta na Unix da 'ya'yansa suna lissafin lokaci ta hanyar ƙirga daƙiƙoƙi tun daga farkon 1 ga Janairun 1970. In an ajiye ƙirgar a gurbi 32, za ta cika bayan shekara 68 ɗin nan da muka ambata a farko: ranar Talata 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 3:14:07 na dare agogon GMT, wato 4:14:07 na asuba a Kano da Yamai. Daƙiƙa ɗaya bayan haka na'urar za ta ɗauka ana 13 ga Disambar 1901.

Wayoyi da kwamfutocin zamani yawancinsu sun koma gurbi 64, wanda zai kai shekara biliyan 292. Abin damuwa shi ne ƙananan na'urorin da ake dasawa cikin injuna a manta da su shekaru, da tsofaffin rumbunan bayanai. Kuma duk manhajar da ke lissafin abin da zai zo nan gaba, kamar bashi mai dogon wa'adi ko fansho, za ta iya cin karo da matsalar tun kafin ranar.

Ina rubuta manhaja a Najeriya. Ina zan fi cin karo da ita?

Wuri biyu. Na farko lambar waya: alƙaluma 11 ne, sifilin farko ya faɗi in an ajiye ta a matsayin adadi, goman da suka rage kuma suna farawa da 7 ko 8 ko 9, wato sun haura biliyan bakwai. BVN da NIN ma alƙaluma 11 ne. Idan ka buɗe rumbunka ka ga mutane da yawa duk lambar wayarsu 2147483647, to ka san abin da ya faru. Waɗannan ba adadi ba ne da za a tara ko a ɗebe, a ajiye su a matsayin rubutu.

Na biyu kuɗi. Ajiye kuɗi da kwabo dabara ce mai kyau, amma a gurbi 32 iyakarka naira miliyan 21 da dubu ɗari huɗu da 'yan kai. Cinikin dillalin hatsi guda a Dawanau zai iya wuce wannan. Yi amfani da nau'i mai gurbi 64, wato BIGINT ko long, tun daga farko.

Saboda ba ta rabuwa ne aka zaɓe ta ta zama iyaka?

A'a, kuma wannan ce fahimtar da na fi so a gyara. Iyakar ta fito ne daga yawan gurabe, ba ruwanta da rabuwa. Duba 'yan uwanta: iyakar gurbi 8 ita ce 127, ba ta rabuwa. Ta gurbi 16 ita ce 32,767, wadda take 7 × 31 × 151. Ta gurbi 64, wato 9,223,372,036,854,775,807, tana rabuwa da 7. Da a ce lambarmu tana rabuwa, matsalar 2038 ba za ta canza ko da daƙiƙa ɗaya ba.

Akwai inda rashin rabuwarta yake da amfani a aikace?

Akwai: samar da lambobin bazata, waɗanda ake buƙata a wasannin kwamfuta da gwaje-gwajen kimiyya. Hanyar ta samo asali daga Lehmer ɗin nan na gwajin da ya gabata, kuma a 1988 Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawarar a ɗauke ta a matsayin mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi. Ɗauki lamba, ninka ta da 16,807, raba da 2,147,483,647, riƙe saura, maimaita. In ka fara da 1 za ka sami 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073.

Saboda mai rabawar ba ta rabuwa, sauran ba zai taɓa faɗawa sifili ya mutu ba. Kuma an zaɓi 16,807, wato 7 × 7 × 7 × 7 × 7, don zagayenta ya ratsa kowace lamba daga 1 zuwa 2,147,483,646 kafin ya maimaita kansa. Irin zagayen da muka gani da 23 ne, amma mafi tsawo da zai yiwu. A nan ne siffofin biyu suka haɗu da gaske: marar rabuwa ce, kuma ta cika gurbin kwamfuta daidai wa daida. Sai dai kada a yi amfani da wannan hanya wajen kalmar sirri ko tsaron banki, don wanda ya ga lamba ɗaya zai iya lissafa ta gaba.

Tana da wasu siffofi kuma?

Yawan ninkinta, 31, shi ma ɗan gidan Mersenne ne, 2^5 − 1. Marasa rabuwa masu irin wannan gado biyu guda huɗu kaɗai aka sani: 7, 127, tamu, da 2^127 − 1. Sannan in an raba ta da 8 saura 7 ne, kuma duk lamba mai wannan hali ba za a iya samun ta ta hanyar tara lambobi biyu ko uku da aka ninka kowacce da kanta ba. Sai an haɗa huɗu, kamar yadda 7 take 4 da 1 da 1 da 1.

Ita ce marar rabuwa mafi girma da aka sani?

Ta riƙe wannan matsayi shekaru da dama bayan Euler, amma an wuce ta tun ƙarni na 19. A 1876 Lucas ya tabbatar da 2^127 − 1, mai alƙaluma 39, da hannu. Tun 1996 wani shiri na 'yan sa kai mai suna GIMPS, wanda George Woltman ya kafa, yake haɗa kwamfutocin jama'a ta intanet don farautar sababbi, kuma kowa yana iya sauke manhajarsu kyauta ya shiga. A Oktoban 2024 Luke Durant ya gano 2^136,279,841 − 1, mai alƙaluma 41,024,320, ta 52 da aka sani a gidan Mersenne. Euclid ya riga ya tabbatar da cewa marasa rabuwa ba su da ƙarshe. Ko na gidan Mersenne ma haka suke, wannan tambaya ce da masana lissafi suke kan neman hujjarta har yanzu.